Wadda Ta Fara Sauke Dami

Ranar Asabar ta ƙarshen watan Afrilu, wajen ƙarfe bakwai na safe, ina tsaye a gonar cittar Rifkatu da ke tsakanin Kafanchan da Kagoro. Waɗanda ke wurin su ne Rifkatu mai gonar, da mijinta Baba Yohanna, da mata uku 'yan ƙodago, sai ni. Daga Kaduna na zo bikin 'yar ƙanena, na ce ba zan koma ban leƙa Rifkatu ba.

An yi ruwa mai kyau a farkon watan, mutane suka shuka citta, sai ruwan ya ɗauke. Tun da sassafe iska ba ta motsi, sama wasai, ko ɗigon gajimare babu a kan duwatsu. Wata a-kori-kura ta kawo ganyen rufi ta juye a bakin titi, domin hanyar gonar ba ta shiguwa da mota, matan kuma suna ɗauka dami-dami suna kaiwa ciki. Ƙamshin ɗanyen ganyen itacen doka da aka sara ya cika wurin.

Rifkatu ta dubi gwiwata ta hagu da ke naɗe da bandeji, ta ce, "Ekspres, je ki zauna a inuwa. Ƙafar da ta je Legas ba ta ɗaukar ganye."

A Kaduna ba wanda ya san ni da wannan suna. A can ni ce Hannatu mai karanta labarin wasanni a rediyo, wadda tsofaffi kaɗan ke tuna cewa ta taɓa yi wa jiha gudun dogon zango. Ekspres sunan ƙauye ne, kuma a kan ganyen citta na same shi, a wata shekara mai kama da wannan, fiye da shekara arba'in da suka wuce.

Daminar da ta gabaci waccan shekarar ba ta yi kyau ba. Dawa ba ta cika ido ba, acca ma kaɗan aka samu. Kafin Ista rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji. Babanmu leburan layin dogo ne, an tura shi wata tasha mai nisa, sai in ya samu dama yake zuwa. Gida ya rage Mamanmu Saratu, da ni, da ƙannena maza biyu, da jaririyar da ta haifa a tsakiyar rani.

Yadda yini ke tafiya ba ya canzawa. Mama ta tashe mu da asuba, a yi gajeriyar addu'a. Ni in ɗauki tulu in tafi rafi, inda ruwa ya ƙafe sai an tona yashi an jira ya tatso. Ƙannena su saki awaki su nemo itace. Ba a hura wuta da safe. Da rana a dama garin ɗorawa da ruwa a sha, ko a ci ɗanyen mangwaro da gishiri har haƙora su mutu. Abinci na gaske sau ɗaya ne, da yamma: faten tsakin masara da busasshiyar yakuwa, mai ruwa-ruwa, wanda ƙanena Iliya yake cewa yana ganin fuskarsa a ciki. Zafi kuwa irin na wannan wata ne, wanda tabarma ke manne wa mutum a baya.

Abu ɗaya Mama ta ƙi taɓawa, shi ne irin citta. Tun kaka ta binne shi a rami a gindin mangwaro. Malam Sani, mai sayen citta daga cikin gari, ya zo ya taya fiye da sau ɗaya, cikin mutunci, don ya ga halin da muke ciki. Mama ta ce masa, "Malam, in na sayar da shi bana, baɗi me zan sayar maka?" Ya yi dariya, ya bar mana ƙullin gishiri ya tafi.

Da ruwan farko ya sauka muka tone irin, muka gutsuttsura shi, muka shuka duka. Sai ruwa ya ɗauke.

Wanda bai taɓa noman citta ba zai ɗauka shuka ita ce aikin. Ba haka ba ne. Ba a binne irin da zurfi, in rana ta yi ta dukan ƙasa babu abin da ya kare shi, dahuwa yake yi a ciki, ya ruɓe tun bai tsiro ba. Dole a lulluɓe fagen gaba ɗaya da ɗanyen ganye mai kauri. A shekara mai albarka akwai ganye kusa da gida. A waccan shekarar kowa ya shuka lokaci ɗaya, an sare na kusa kaf, sai an je gindin dutse, tafiya mai nisa da gangara da tsakuwa.

Shi ya sa matan zumuntar cocinmu suka yi gayya, su da 'yan matansu. Samari su sara ganye a gindin dutse, mata su ɗaure da igiyar kalgo su ɗauko a ka. Kowace rana gida ɗaya. Mama Kande, shugabar zumunta, ita ke tsara komai, mace gajera mai babbar murya, wadda kowa "kai" ne a bakinta, namiji ko mace. Dokokin gayyar biyu ne. Ta farko, aiki yana tashi da kukan jirgin tsakar rana idan ya doshi tashar Kafanchan. Abin da aka rufe kafin nan shi ne rabon mai gona, domin kowa yana da tasa gonar da yamma. Ta biyu ita ce tarbo: wadda ta fara sauke daminta a gona ba ta hutawa, sai ta juya ta tarbi wadda ke can ƙarshen layi ta karɓi kayanta.

Tsofaffi sun kafa tarbo don a sauƙaƙa wa masu ciki da masu goyo. Amma da yunwa ta shigo, sai dokar ta haifi wata dabi'a. Kowa ta gane cewa zuwa na farko ƙarin aiki ne. Saboda haka da an hango gona sai layi ya rage tafiya. Wannan ta tsaya gyara gammo, waccan ta tsaya cire ƙaya da babu ita. Za ka ga 'yan mata majiya ƙarfi suna ja da baya kamar an ce akwai maciji a bakin gona, kowace tana jiran wata ta wuce.

Ni ke wucewa, kullum. Ba don tausayin masu goyo ba, gara in faɗi gaskiya. Ni dai ba na iya ganin bayan mutum a gabana. Tun ina ƙarama, in an aike mu tare da wata, sai na riga ta isa ko da ita ba ta san tsere muke yi ba. Allah ya ba ni dogon numfashi da ƙafa marar nauyi, ban yi wahalar neman su ba, ban kuma taɓa jin kunyar cewa ina da su ba. In sauke, in juya, in karɓo na tsohuwa, in sake saukewa. Matan suka sa mini Ekspres, sunan jirgin ƙasa mai sauri. Ba yabo ba ne gaba ɗaya. Na sha jin ana cewa, "'Yar gidan Saratu ƙafa gare ta, kai ne dai babu."

Wadda ke zuwa ta biyu kullum ita ce Rifkatu. Ajinmu ɗaya a sakandare, muna hutun Ista a lokacin. Doguwa ce, kafaɗunta sun fi nawa faɗi. A makaranta duk ranar da malamin wasanni ya ce a fito tsere, ƙirjinta ke ciwo. A gayya kuwa tana nan daf da bayana, ba ta wuce ni, ba ta bari wata ta wuce ta. In na juya zuwa tarbo sai in same ta ta shimfiɗa zani a inuwa tana fifita da ganye.

"Sauri ya haifi nawa, Ekspres," take ce mini. "A gaida Mama Ladi in kin same ta." Mama Ladi tsohuwa ce da kan rage a ƙarshen layi.

Abin da ba ta sani ba shi ne, ina sauraronta. Mai gudu yana sanin na bayansa da kunne. Duk tsawon hanyar nan, da dami a kanta, da yunwa a cikinta, ban taɓa jin numfashin Rifkatu ya canza ba.

Gidanmu ne na ƙarshe a layin gayya, domin Mama ta shiga a makare saboda jego. Kafin ranarmu ta zo fagenmu ya daɗe a buɗe. Ni da ƙannena mun ɗan rufe gefe ɗaya da abin da muka iya kwasowa da yamma, amma bai taka kara ya karya ba. Ana gobe gayyarmu Mama ta tona wuri ɗaya da yatsa, ta ciro gutsuren iri, ta matsa shi. Bai ruɓe ba, amma ya fara laushi. Ta koma gida ta kwashe 'yar accar da ta ɓoye a tukunya, wadda mu ma ba mu san da ita ba, ta jiƙa don kunun masu gayya.

Lissafin a fili yake. In ba a rufe fagen a wannan safiya ba, babu wata gayya a bayanta, babu kuma wani iri a rami.

Da safe muka hau zuwa gindin dutse. Mata sun gaji, sun yi gonakin kowa sun zo na ƙarshe. Zuwan farko ya ɗauki lokaci kamar ana rakiyar gawa. A bakin gona aka yi abin da aka saba, gyaran gammo da cire ƙaya. Na sauke, na koma tarbo, na dawo. Na dubi fagen, na dubi inda rana take. Da irin wannan tafiya ko rabi ba za mu rufe ba. Jirgin tsakar rana yakan makara, kuma ranar nan ne kaɗai a rayuwata na roƙi Ubangiji ya ƙara masa makara.

A gindin dutse, muna ɗaure dami na biyu, samari masu sara suna tsaye suna shan iska, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Rifkatu jirgin kaya."

Ba ta ɗago ba. "Na'am, Ekspres. Jirgin kaya ma yana isa tasha."

"Mutane suna cewa wayo gare ki. Ni na san ba wayo ba ne."

"To mene ne, malama?"

"Tsoro ne. Kullum kina bayana, numfashinki ko gezau. Kina da ƙafa, kin san kina da ita. Tsoronki ki sake ta gaba ɗaya, kuma in wuce ki, ki rasa abin faɗa. Yanzu ko ba komai kina iya cewa ba ki gwada ba."

Samarin suka ce, "Kai!" Wani ya buga adda a dutse. Mama Kande ta ce, "Hannatu, kai bakinka ya fi ƙafarka gudu."

Rifkatu ta gama ɗaure igiyarta a tsanake. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu da shi. Ta dube ni ta ce, "Yohanna, aza mini." Yohanna, ɗaya daga cikin masu saran, ya aza mata damin. Ban gama daidaita nawa ba ta riga ta kama gangara.

Na yi tsere da yawa bayan wannan, a Kaduna, a Jos, a Legas, a kan fili mai layi da alƙali da bindigar tashi. Babu wanda nake tunawa kamar wannan. Gudu da dami a ka ba gudu ba ne irin na fili. Wuya ba ya motsi, ƙugu ne ke aiki, ƙafa tana neman wurin taka tsakanin tsakuwa ba tare da ido ya taimaka mata ba. Ganye yana kaɗawa yana rufe fuska. Na kamo ta a wurin tsohuwar ɗorawa, na wuce. A tsallaken busasshen rafi, inda yashi ke riƙe ƙafa, na ji numfashinta a karon farko, yana fita da ƙara kamar zuga-zugin maƙeri. Na ji daɗi, na ce a raina ta ƙare. A hawan da ke bayan rafin sai ga kafaɗarta a gefena. Cikina babu komai sai ruwan faten jiya. Idona ya fara ganin baƙi-baƙi a gefe. Na ba da duk abin da nake da shi, ban rage komai ba, ina so a rubuta wannan. Ta wuce ni kamar ina tsaye.

Ta jefar da damin a bakin gona, ta dafa gwiwoyi tana haki. Na iso na jefar da nawa kusa da nata. Da ta samu magana ta ce, "Sai ki... sai ki sake faɗa."

Wata tsohuwa da aka bari tana baza ganye a fage ta dube mu, ta ce, "To, ta farko. Koma."

Rifkatu ta harare ni. Ni kuwa dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. Ta juya ta kama hanya tana zagina ƙasa-ƙasa. Na tashi na bi ta, ba don doka ta ce ba, sai don ba zan zauna ina kallon bayanta sau biyu a rana ɗaya ba. Wadda ke ƙarshen layi a ranar Mama ce, da jaririya a baya da dami a ka, tana tafiya tana tsayawa. Rifkatu ta riga ni isa gare ta. Ta ce, "Mama, kawo." Ni na karɓi na Mama Ladi da ke gabanta. Muka juyo, kuma ba wadda ta ce wa wata a fara, muka sake zubawa da gudu.

Daga nan abin ya fi ƙarfin mu biyu. Samari sun biyo gangara suna ihu, wasu na Rifkatu wasu nawa. 'Yan matan da suka yi wata guda suna cire ƙayar ƙarya suka ga ana kiran sunayen wasu ba nasu ba. Ɗaya ta ɗaga ƙafa, wata ta bi ta. Mama Kande ba ta ɓata lokaci ba. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta ce, "Duk mai goyo da mai furfura, kai shiga gona ka baza. Yara su kawo. Tunda hauka ya zo, a yi aiki da shi." Yohanna da abokansa suka koma sara da sauri don kada mu iso mu tarar babu dami.

Ban san sau nawa muka hau muka sauka ba. Na san na ci wasu, ta ci wasu, kuma har yau ba mu daidaita a kan wadda ta fi ba. Na san tafin ƙafata ya tsage, leɓena ya bushe har ya yi jini. Kore yana ta cin jan fagen daga gabas zuwa yamma. Jirgin da ya saba makara, ranar nan bai makara sosai ba. Da kukansa ya taso daga wajen tasha, saura kusurwa ɗaya ta yamma, wadda ba ta fi faɗin ɗaki ba. Doka doka ce, aka tashi. Mama ta kawo kunun acca a babbar ƙwarya. Ta fara miƙa wa Rifkatu ludayi kafin kowa, har kafin Mama Kande.

Ruwa ya dawo bayan mako ɗaya da wani abu, da dare ɗaya ya cika rafi. Citta ta huda ganye ta fito tsiri-tsiri a ko'ina, ban da kusurwar yamma. Mun rufe ta da yamma a ranar, amma ta riga ta dahu. Mama ta shuka gyaɗa a wurin. Da kaka Malam Sani ya zo da buhunansa, kuma an sake binne iri a gindin mangwaro.

Da aka koma makaranta labari ya riga mu isa. Malamin wasanni ya kira mu mu biyu. Ni na ce to tun bai gama magana ba. Rifkatu ta ce ƙirjinta yana ciwo. Ya bi ta har gida, ta ce masa ita ta riga ta san abin da take son sani.

A shekarun da na yi ina hira da 'yan wasa a rediyo, matasa sukan tambaye ni ko baiwa ce ke kai mutum ko horo. Amsata ba ta canza ba. Baiwa tana da yawa a ƙasar nan, na ga wadda ta fi tawa tana fifita da ganye a inuwa. Horo kuma kowa yana iya yi in an tsare shi. Abin da ya kai ni inda na je shi ne ba na jure zama ta biyu, kuma na yarda a gan ni ina ba da ƙarfina duka ko da za a wuce ni a gaban mutane. Wannan halin ya ba ni lambobi, ya ba ni aiki, ya kuma cinye mini gwiwa. Da za a sake, haka zan sake yi. Rifkatu kuwa ta auri wanda ya aza mata dami, gonarta ta fi ta kowa a yankin, gwiwoyinta biyu lafiya lau. Ban taɓa jin ta ce ta yi nadama ba, ni ma ban taɓa cewa ta yi kuskure ba.

Yanzu babu gayya, kuɗi ake biya, mota ke zuwa gindin dutse, jirgin tsakar rana kuma ya daɗe da yin shiru. Matan uku suna tafiyarsu daidai wa daida, ba mai jiran wata ta wuce.

Ban je inuwar ba. Na bi Rifkatu bakin titi, na ce wa Baba Yohanna ya aza mini ƙarami.

"Ke da bandeji?" in ji shi. "Hannatu, ku bar wannan abin, mun tsufa."

"Aza mata," in ji Rifkatu. "Aza mini ni ma. Kai ma ɗauko ɗaya, kada ka tsaya kamar fasto a wurin biki."

Ba gudu muka yi ba, ba za a kira shi gudu ba. Amma na ji ta a bayana, na ƙara tafiya, na ji ta ƙara. Matan ƙodago suka ja gefe suna dariya. Gwiwata tana kuka, na yi kamar ba tawa ba. Na isa bakin fage na sauke, na juyo ina haki, na ce, "Ki shaida."

Ta iso a hankali, numfashinta ko gezau. Ta sauke nata, ta zauna a kansa, ta tsinki ganye ɗaya ta fara fifita.

"Na shaida, Ekspres. Ke ce ta farko." Ta nuna hanya da haɓa, inda Baba Yohanna ke tafe can baya yana tsayawa yana gyara gammo. "Koma."

Na koma na karɓo.

An gama rufe gonar kafin azahar. Ruwa ya sauka ran Talata da yamma, ina Kaduna, likita ya hana ni taka ƙafar hagu har mako biyu.